Lungun Baba a Bakin Zobe

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, sai dai uban mijina ya riga mu kama hanya. Ya rasu da hantsi a tsakiyar damina, gero yana fitar da kai, bayan ciwon ƙirji na 'yan kwanaki. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ba zan kama sunansa a nan ba, don tun ranar da aka kawo ni gidansa daga Barkiya bakina bai taɓa kama shi ba. Baba nake ce masa, Baba kuma zan ci gaba da cewa.

An shimfiɗa wa maza tabarmi a ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya. Ni ina ciki a bakin murhu, dangar kara ce kawai tsakanina da su, don haka duk abin da aka faɗa ya shigo kunnena. Masu sarin kifi sun zo daga Dutsin-Ma a kan babura, dangin Inna, uwar mijina, sun zo daga Kutawa, nawa dangin sun zo daga Kurfi da Barkiya. Duk wanda ya zauna ya shafa addu'a sai ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Allah ya jiƙan shi, mutum ne mai haƙuri." Na farko ya faɗa, na yi shiru. Na biyu ya faɗa, na ce ko bai san shi ba ne. Kafin magariba maganar ta zama kamar goro, kowa ya zo a miƙa masa ya ɓantara ya miƙa wa na gaba. Wani Alhaji mai kiwon kaji har da ƙarin gishiri, wai tun da yake bai taɓa jin marigayi ya ɗaga murya ba. Wannan Alhajin kuwa da idona na ga Baba ya koro shi daga bakin ruwa da sandar tuƙi, yana gudu babbar riga tana harɗe shi, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a laka.

Goggo, yayar Baba, kunnenta ya yi nauyi, tana zaune kusa da Inna a ɗaka. Matan da suka shigo gaisuwa su ma wannan maganar suka riƙa zuba mata a kunne. Ta saurara, ta saurara, can ta jawo zanena ta ce, "Ke, wai wa ya rasu kuma? Ni dai ƙanena aka ce mani." Mata suka sunkuyar da kai suna danne dariya a cikin mayafi. Inna ce kaɗai ta yi murmushi a fili, sannan hawaye suka biyo baya.

Baba ba mai haƙuri ba ne, kuma ba zan yarda a binne shi da halin wani ba. Mafaɗaci ne na gaske. Muryarsa tana tsallaka ruwa, in ya fara tun daga gaɓa muna jin sa a tsakar gida, kaji ma su natsu. Na kuma san dalilin da ya sa ake son a mai da shi mai haƙuri tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. In aka ce mai haƙuri ne, to babu abin da ya yi faɗa a kai ke nan, in kuwa babu, kowa yana iya kai hannu. Abin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa a kai wani lungu ne a bakin dam ɗin Zobe, kuma tun ranar farko ta zaman makoki gabana yake faɗuwa a kan abin da zai sami lungun nan.

Lungun yana gangaren bayan gari, inda wata 'yar ƙorama take zuba a cikin dam. Kafin a tare ruwa, wurin gonar mahaifin su Baba ce. Baba yana saurayi ruwa ya hau ta, ya bar kututturen wata tsamiya a tsaye a tsakiya, har yau ana ganin kansa in rani ya yi. Ciyawa ta cika gefen, ruwan ba shi da zurfi, rana tana ɗumama shi. Da damina in ruwa ya hau, nan kifi ke shigowa ya zuba ƙwai, nan 'ya'yan ke girma har su isa fita tsakiya. Baba ba shi da sarauta, ba wanda ya naɗa shi komai. Kawai ya ce raga ba ta shiga lungun nan, ya kuma tsaya a kan maganarsa da baki da sanda, har mutane suka ga wahalar faɗa da shi ta fi kifin yawa.

Asali gidan ba masunta ba ne, manoma ne. Da gona ta tafi ƙarƙashin ruwa, sai ya bi masuntan da suka zo ci-rani yana koyon sana'a. A cikinsu akwai wani da ya yi zaman bakin teku can kudu, shi ya nuna masa ƙugiyar da ba a sa mata koto. Ya ce a can da irinta ake kama wata halitta marar ƙashi, mai hannuwa barkatai, wadda in ta tsorata take fesa baƙin ruwa kamar tawada, a ci ta, a kuma yanka ta a ɗana wa manyan kifi. Har Baba ya rasu bai yarda da wannan labari ba. Yakan ce mutumin maƙaryaci ne na ƙarshe, amma ƙugiyarsa ba ta ƙarya.

Ƙyalli yake kiran ta. Duk ranar da ya shiga Dutsin-Ma sai ya bi teburin masu shayi yana tsintar gwangwanin madara, yana ɗaga kowanne a rana yana dubawa, yana yi wa masu shayin faɗa wai suna fasa su da wuƙa kamar ba su san darajar abu ba. In ya dawo sai ya yanko ɗan siriri mai tsawon yatsa, ya buga shi a kan dutse ya lanƙwasa, ya goge da toka har ya riƙa ɗaukar ido. Ya liƙa 'yar dalma a kai don nauyi, ya ɗaure ƙananan ƙugiyoyi baya da baya a gindi, ya rufe su da farin gashin kaza. Farar kazar Inna ta ga duniya a gidan nan, da ta hango shi sai ta haye rumbu.

Bayan sallar asuba yake tura ɗan kwalekwalensa zuwa bakin lungun, inda ruwa ya fara zurfi, ya saki ƙyalli ƙasa. Daga nan sai aikin wuyan hannu. Ya fizga sama, ya saki ta gangara tana juyi, ya sake fizga. Ƙawara, 'yan fararen kifin nan masu yawo garke-garke, sai su ɗauka wani ƙaramin kifi ne ya ji ciwo, su kai masa cafka. Ɗaya-ɗaya yake ciro su. Hannunsa na dama ya saba har ba ya jin magana. Ko gyangyaɗi yake yi a tabarma bayan azahar, sai ka ga wuyan hannun yana fizga shi kaɗai.

Kafin rana ta take ya dawo da ƙwarya. Manyan na tukunya ne, namu da na gidajen da babu namiji. Matsakaitan na koto ne. Tsofaffin da ƙarfin jan raga ya ƙare musu, masu ɗana wa tarwaɗa igiyar ƙugiya, suna jiran sa a gaɓa kowa da ɗan gwangwaninsa. Ba ya sayar musu. Abin da yake karɓa a wurinsu shi ne su tsaya su saurari faɗansa, ya ce wannan ƙullinsa na rago ne, wancan ya bar ƙugiya ta yi tsatsa, kuma wallahi wasunsu sun fi so a ce su biya. Samari masu manyan raguna suna yi masa tsiya, suna ce masa Sarkin Ƙawara, wai ya tsufa a ruwa bai taɓa kama kifin da za a ɗauka da hannu biyu ba. Ko a jikinsa. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Wanda ya iya buɗe baki ya ciji ƙyalli ya isa shiga miya. Wanda bakin shi bai kai ba, ku bar shi ya girma."

Ni 'yar tudu ce. A Barkiya kifi sai busasshe, shi ma sai ranar kasuwa. Da aka kawo ni, ƙarnin gidan ya hana ni cin abinci har na rame. Ban gaya wa kowa ba, ina amarya ina ni ina ƙorafi. Baba bai taɓa yi mini maganar ba, uban miji da matar ɗa ba sa irin wannan hira. Sai dai na wayi gari na ga ya kwashe tabarmar shanya kifi da ƙoren wanke shi ya mayar da su bayan rumbu, can ƙarshen gida, inda iska ke kwashe warin ta yi waje da shi. Inna ta yi mita wai ya yi mata nisa, ya ce ai ƙafarta ba aro ta yi ba. Da na yi haihuwar fari, duk kwanakin jego sai an kawo mini farfesun ƙawara, shi kuma yana tsaye daga bakin ƙofa yana yi wa Inna faɗa wai yaji bai ji ba, ana so a kashe masa jika da yunwa. Haka alherinsa yake zuwa, a naɗe cikin masifa. Wanda bai san shi ba yana iya jin haushi ya mayar masa da abinsa.

Maigidana shi ne ɗansa na fari, don haka Baba ba ya kama sunansa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, sai dai Baba ya kai ta inda ko mutanen da ba su kai ba. In yana da magana da shi, sai ya tsaya a tsakar gida ya fuskanci katangar ɗakinmu ya fara, "A gaya ma mutanen ɗakin can…" Maigidan yana ciki yana ji, ni ina shara ina ji. Duk abin da na sani game da lungun nan a haka na koye shi: lokacin da karfasa ke haƙa gurbi a yashi, yadda take ɗauke 'ya'yanta a baki in ta ga tsoro, yadda ƙafar mutum ɗaya a cikin ciyawa take murƙushe ƙwan da zai ciyar da gida guda. Ni nakan tsaya da tsintsiya a hannu in saurara. Maigidan kuwa tun yana ƙarami ake yi wa katanga faɗa saboda shi, ya saba, sai ya ƙara wa rediyo murya. Bai bi ruwa ba, babur ya saya yana kai kifin mutane Dutsin-Ma. Ba na cewa laifin nasa ne shi kaɗai. Uban da bai taɓa zaunar da kai ya dube ka ya ce ga dalili ba, da wuya maganarsa ta zauna maka. Amma dai kunne biyu Allah ya ba shi kamar yadda ya ba ni.

Babbar rigimar Baba da ƙanensa ya yi ta, Baba Ƙarami, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarun baya da gidan sauro ya yawaita a hannun mutane, wanda ake ba masu ciki da yara, sai wasu suka gano cewa in aka ɗinke 'yan kaɗan wuri ɗaya an sami ragar da ko ƙwan kifi ba ya tsallake ta. A ja ta a ruwa marar zurfi, ta kwaso komai, a shanya a rana, a ɗura a buhu a kai wa masu kiwon kaji. Abin da ya kawo Alhajin nan gaɓarmu ke nan ranar da ya bar takalminsa a laka. Baba Ƙarami shi ma ya ɗinka tasa. Ya ce lungu gonar ubansu ce su biyu, in gado ne yana da rabi, kuma rabinsa zai girbe.

Ina wanki a gaɓa ranar. Baba Ƙarami da 'ya'yansa sun shiga ruwa iya gwiwa suna warware ragar, sai ga Baba ya tuƙo kwalekwale kamar zai kife, ya zo ya tsaya a kanta. Ya ce, "Rabinka? To zo ka nuna mani iyaka. Ka shata ta bisa ruwa, ka gaya ma kihi kada su ƙetare." Baba Ƙarami ya ce shi ba yaro ba ne da za a tsare shi a gaban 'ya'yansa, yana da jikoki. Baba ya ce ai saboda jikokin yake magana. Daga nan ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, ya tono masa har akuyar da ya bari ta ɓata a daji suna yara. Mutane suka taru aka raba su. Suka shekara ba sa gaisawa, ko a masallaci sai dai kowa ya kama sahunsa. Amma ragar ba ta sake shiga lungun ba. Kuma ko a shekarar gabar, kullum sai Baba ya ware kifin miya ya aika gidan ƙanen, ya ce a ce daga Inna ne.

Da daji ya lalace da ɓarayi noma ya gagara a wajenmu, mutanen tudu da yawa suka gangaro bakin dam neman abin sawa a baka. Wani magidanci daga ƙauyukan Kurfi, wanda bai san dokar Baba ba, ya shiga lungun da gidan sauro ɗaya. Baba ya same shi. Bai tsaya tambaya ba, ya zare wuƙa ya tsarge abin daga sama har ƙasa. Mutumin ya zauna a laka ya riƙe yagaggen yana kallo. Da aka bincika, ashe a cikinsa 'ya'yansa ke kwana a kangon da aka ba su aro. Da safe ya kwance ya zo ruwa da shi, da yamma ya shanya ya sake ɗaurawa. Baba ya dawo gida fuska a murtuke, ya shiga ɗaki ya kwance nasa gidan sauron daga gado, ya haɗa da ƙyalli da kwanon tuwo ya kai masa. Ya ce, "Wanga na kwana ne. In na gan shi a ruwa, kai da shi zan yaga." Ya kwashe kwanaki yana zaunar da shi a kwalekwale yana koya masa fizga, yana ce masa hannunsa na garma ne, sai ka ce huɗa yake yi a ruwa. Daminar ta ƙare Baba yana kwana da sauro, yana marin jikinsa yana tsine musu, bai kuma yarda an sayo masa wani ba don kada a ce ya yi nadama.

A ciwonsa na ƙarshe bai bar hali ba. Ya ce kunun ya yi ruwa, ya ce maganin na yaudara ne, ya tambayi Inna ko ruwa ya rufe kan kututturen tsamiya. Ranar da jikin ya tsananta maigidana ya shigo ya tsuguna a ƙarshen gado, ɗaki ɗaya, hannunsa yana iya kai wa ƙafar uban. Baba ya juya fuska ga bango ya ce, "A gaya ma mutanen ɗakin can su riƙe uwarsu." Bai ambaci lungu ba. Ina jin ya ɗauka wannan ba sai an faɗa ba.

Ranar sadakar uku, da hantsi, muna cikin suyar waina sai na ji sallamar maza a ƙofar tsakar gida. Baba Ƙarami ne a gaba, maigidana a bayansa, sai 'ya'yan Baba Ƙarami, kowa da baho a ka, wandunansu jiƙe har cinya. Suka dire a gabana. Na leƙa. Kifi ne, in kifi za a kira su. 'Ya'yan karfasa da ba su wuce farce ba, 'ya'yan tarwaɗa da gashin bakinsu bai gama fitowa ba, ƙawarar da ana hango ƙashin bayanta ta cikin fata, har da ƙwai manne da ciyawa, da wani ɗan yankin farin gidan sauro da ya yage ya biyo su. Ban tambayi inda aka samo su ba. Wuri ɗaya ne ya rage a wannan gefen Zobe da za a ja raga a cika bahuna haka kafin rana ta take.

Idon Baba Ƙarami ya yi ja, kuma na rantse ba na ƙarya ba ne, kukan ɗan'uwansa yake yi. Ya tsaya daga bakin ƙofar Inna ya ce, "Yaya ya ƙare rayuwa shina ciyar da mutane da ruwan nan. Bai kamata a yi sadakar shi da abin kasuwa ba. Shi ya yi kiwon su, ladar tashi ce." Matan da ke tsakar gida suka ce Allah sarki, zumunci ya yi daɗi. Wata ta ce albarkar marigayi ce, a dubi yawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da sata suka je yi, da na san sunan da zan kira abin. Amma ido na ganin ido suka je, da bisimilla, da niyyar lada, suka kwaso abin da mutumin ya tsare har ya tsufa suka ce sun kawo masa. Na dubi maigidana. Ya kau da kai ya ce a hankali sau ɗaya ne, don Baba. Ni matar ɗa ce, ba ni da bakin da zan ɗaga wa ƙanen uban miji murya a gidan makoki. Abin da na iya kawai na ajiye matsami na miƙe tsaye, na ce ni ba zan soya ba. Wata daga cikin dangi ta ce dama 'yan tudu ba su san darajar kifi ba.

Inna ta aiko a kira ni. Tana zaune a kan tabarmar takaba, carbi a hannu. Ta ce, "Soya su, ɗiyata. Sun riga sun mutu. In kika bari suka ruɓe, an kashe su a banza ke nan." Na ce, "Inna, ke za ki ci?" Ta ci gaba da jan carbinta.

Na soya. Ba a fede su, don ba abin da za a fede. Da na zuba su a mai sai suka narke suka manne da juna, sai dai a kankaro a yanka gunduwa-gunduwa. Ina yi hayaƙi yana shiga idona, na gode masa, don ya rufa mini asiri. Aka fitar wa maza da waina. Ta danga na ji ana santi, ana cewa marigayi ko a kabari bai daina ciyar da jama'a ba. Alhajin nan mai kaji ya tambaya ko akwai sauran irin wannan a inda aka samo, zai aiko da buhu. Tsofaffin masu ƙugiya, waɗanda suka san abin da ke cikin kwanon fiye da kowa, su ma sun ci, kai a sunkuye. Kwanon Inna kuwa yadda na kai shi haka na ɗauko shi.

Ba a yin sau ɗaya a bakin ruwa, kowa ya san haka. Tunda ƙanen mamaci da ɗansa na fari sun shiga, wa za a hana? Washegari raga biyu ce a lungun. Kafin sadakar bakwai ba a ganin ruwan don mutane, kuma da yawansu muryoyinsu na ji ta danga suna cewa mai haƙuri ne. Magidancin nan na ƙauyukan Kurfi ya tsaya a gaɓa da ƙyallinsa a hannu ya yi magana, aka ce masa shi da ya zo jiya ya iya bakinsa. Na je wanki na ga an tattake ciyawar ta kwanta, ruwan ya koma jan kunu, an shanya 'ya'yan kifi a kan leda tun daga gaɓa har bakin hanya, ƙuda ya rufe su. Tsofaffin suka koma haƙar tana da yatsunsu masu rawa. Gidajen da babu namiji suka koma miyar kuka tsura. Ba wanda ya ɗaga murya, don mai ɗaga muryar ya tafi, kuma an riga an shaida cewa bai taɓa ɗaga ta ba.

Da sadakar arba'in ta zo, Baba Ƙarami ya ce yadda aka yi ta uku haka za a yi, daga ruwan Yaya. Suka fita tun bayan asuba da bahunansu. Na hura wuta, na ɗora mai, na sauke, na sake ɗorawa. Rana ta take, ba su dawo ba. Sai gab da azahar suka shigo, laka har ƙirji, baho ɗaya a hannun maigidana. Laka ce a ciki, da kwaɗi, da 'yan kifin da ba su cika tafin hannu ba. Baba Ƙarami bai ƙaraso tsakar gida ba, daga zaure ya juya. Baƙi sun riga sun cika tabarmi. Maigidana ya wanke ƙafa ya hau babur ya nufi Dutsin-Ma, ya dawo da kwalin kifin ƙanƙara a ɗaure a baya. Da shi aka yi sadakar mutumin da ya tsufa a bakin Zobe.

Ina tsugune ina ɓamɓare kifin daga juna, sanyi yana cin yatsuna, sai na ga inuwa a kaina. Maigidana ne. Ya tsuguna a bakin murhu, wurin da ban taɓa ganin ya tsuguna ba tun da aka kawo ni. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ke kin riƙa sauraren shi. Shekara nawa lungu ke yi kafin ya dawo?"

Magana ta cika mini baki har ban san wadda zan fara fitarwa ba, don tun ranar uku nake tara ta. Amma da na dube shi sai na ga gaskiya kawai ta ishe shi. Na ce, "Ban sani ba. Bai taɓa faɗi ba, don bai taɓa bari an kai ga haka ba." Ya zauna yana kallon ƙanƙara tana narkewa a baho har liman ya aiko a ce ana jiran sa, sannan ya tashi ya fita wajen baƙi.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kaifin harshensa, ya sa duk cikin da ya ƙosar ya zame masa haske a kabari. Mu da ya bari, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Haƙurin abin da aka yi wa lungunsa kam ban roƙa ba, kuma ba na so a roƙa mini.